Macijin Masara da Gardamar Sabo

A kudu maso gabashin Amurka, daga Filorida har Niyu Jasi, akwai macijin da manoma suka daɗe suna tararwa a gindin rumbun masara yana dakon ɓeraye. Shi ake kira macijin masara. Ba shi da dafi. In ya cafke ɓera sai ya kanannaɗe shi ya matse har motsi ya ƙare, sannan ya haɗiye. Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Zanen bayansa ya yi kama da na wani mai dafi, mai jan kai kamar tagulla, don haka sau da yawa sanda ce ladan gadinsa.

Yau yana cikin macizan da aka fi kiwo a gidajen Turawa. Tun da wani likita, Bernard Bechtel, ya samu zabiyoyinsa suka ƙyanƙyashe a hannunsa a 1961, masu kiwo suka duƙufa fitar da launi iri-iri. Amma har yanzu akwai masu ɗaga tsohon falanki a bayan gida su kamo na daji, su jefa a akwatin gilashi, su ce ai zai saba.

Nan gardamar take, kuma ina jin daɗinta. Masu kamun suna rantsuwa cewa bayan 'yan makonni macijin ya san hannun ubangidansa, ya daina kai sara, ya daina kaɗa wutsiya. Wannan kaɗa wutsiyar ma abin dariya ne: a cikin busassun ganye yake yi, ƙarar ta fito kamar ta mai dafi, alhali barazana ce kawai. Ban musa cewa yana gane wari ba, don da harshe yake shinshinar duniya, kuma hannun da bai taɓa cutar da shi ba zai daina ba shi tsoro. To amma daina tsoro daban, ƙauna daban. Na sha tsayawa kallon gardi a kasuwa da maciji rataye a wuya, ban taɓa ganin ya buɗe kwando ya juya baya ba. Shi ya san sabo turken wawa ne. Macijin masara kuwa gwanin sulalewa ne. A bar murfi da 'yar kafa, da safe sai akwati wayam. Wanda ya saba da gida me zai kai shi bayan firij?

Sanyin halin da ake yabonsa da shi ya fi tabbata ga wanda aka ƙyanƙyashe a gida, ya tashi yana cin ɓeran firiza da aka narkar. Irin wannan yana iya haura shekara 20. Na daji yakan zo da kaska da tsutsar ciki, kuma in ƙarami ne, da ƙadangaru da kwaɗin bishiya ya saba, sai ya ƙi mataccen ɓera ya yi ta rama. Hali zanen dutse.

Hukuma ma ta sa baki. A Niyu Jasi yana cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, kama shi laifi ne. A Jojiya kuwa doka ta hana ajiye macizan jihar marasa dafi a gida, har da shi, amma ba ta ba masu dafin wannan kariya ba. Wato mai gadin rumbu ne aka ce a bar kaza cikin gashinta, mai saran kuma kowa ya ji da kansa.