Jakar Soja Ba Kayan Matattu Ba Ce

Abin da ya wajabta mini ɗaukar alƙalami shi ne wani al'amari da na gani da idona a Mawashi, cikin ƙasar Kusada, a lokacin da aka kai amfanin gona gida samari suka fara shirin tafiya cirani, inda wani dattijo ya tilasta wa ɗansa jefar da jakar goyo ta soja wadda ya sayo da guminsa a Ƙofar Wambai ta Kano, domin kawai wani maƙwabci ya raɗa masa cewa a jikin gawawwakin sojoji ake kwance irinta. Wannan magana na sha jin ta a tashar Kankiya da majalisun hira har kunnena ya gaji, alhali kuwa ba ta da tushe a hankalce ko a shari'ance.

Jakar nan kowa ya san ta: ta tamfol ce ko ta lailan mai kauri, da maratayai biyu. Amma ta yaya ta iso hannun 'yan gwanjo? Al'adar rundunonin manyan ƙasashe ce, duk sa'ad da suka sauya fasalin kayan aikinsu, ko kuwa yaƙi ya ƙare aka sallami mayaƙa, sai su yi gwanjon abin da ya rage a ɗakunan ajiya, wani ma ba a taɓa saɓa shi ba. Sojan Ingila sun yi aiki da jakunkuna samfurin 1937, suka maye gurbinsu da na 1958. Amurka ta fitar da wadda ake kira ALICE a 1973, daga baya ita ma ta sauya ta. Kakanninmu da suka yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82, waɗanda suka komo gida bayan ƙarewar yaƙi a 1945, da ƙafafunsu suka dawo, ɗauke da kayansu, ba a ji wanda ya ƙyamace su ba. Bugu da ƙari, da yawa daga abin da ake sayarwa yau kwaikwayo ne daga masana'antun ƙasar Sin, ba su taɓa ganin bariki ba, balle fagen daga.

To, mu ƙaddara ma mai ita ya riga mu gidan gaskiya. Ashe ba rigar mahaifi da rawaninsa ake sawa cikin gado a raba wa magada ba? Wane malami ya taɓa haramta su? Malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa asalin abubuwa tsarki ne, najasa kuwa idan ta tabbata ruwa ke gusar da ita, sa'an nan addini ya yi hani ga camfi hani mai tsanani. Jefar da abu mai amfani saboda jita-jita almubazzaranci ne, kuma abin takaici ne a ga mutumin da ya sauke Alƙur'ani yana tsoron tsumma.

Fa'idarta kuwa a fili take, domin an ɗinka ta ne don mai doguwar tafiya a ƙasa cikin ruwa da rana, hannuwansa a sake. Ɗan cirani mai nufin Legas, da ɗalibi, da makiyayi, da mai zuwa gona a kan babur, duk za ta yi musu shekaru, a inda jakar Gana-mas-go kan yage tun a tafiyar farko.

Sai dai akwai ladubban saye da na riƙo. Mai saye ya juya cikinta ya duba ɗinkin gindin maratayai, domin nan ne lalacewa kan fara, ya gwada zif da ƙarafunan ɗauri, ya ɗaga ta wajen haske ko akwai huji. In ya kai gida ya wanke ta da sabulu da ruwan zafi saboda kuɗin cizo, ya shanya ta bushe sarai, kada ya ajiye ta da laima a ƙasa inda gara za ta same ta. In ta ɓarke, baduku zai gyara da basilla da zare mai kauri. Wajen shiri, kaya masu nauyi su jingina da gadon baya, a rataya da kafaɗu biyu, a ɗaure ɗamarar ƙugu in tana da ita. Yara ƙanana kuwa kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu.

Haɗarin gaskiya guda ne, shi ne jaka mai zanen dabbare-dabbare irin na kakin soja, wadda samari ke so don burga. Hukuma ta hana farar hula shigar soja, kuma a wannan zamani da 'yan bindiga suka addabi jihar Katsina suna ɓad da kama cikin kaki, mai goye da irinta yana iya jawo wa kansa tuhuma a shingen bincike. Ya ɗan'uwa, zaɓi mai launi guda, marar tambari, ka wanke ta, ka yi bisimilla ka goya abinka.