Kyanwar Juji da Ƙwayoyin Cuta Marasa Jin Magani

Gabatarwa

Duk wanda ya yi hidima a karkara ya san wannan: mu je gaida mara lafiya, mu tarar da yaro yana fama da zawo da zazzaɓi, uwar ta nuna mana kafso iri uku da aka sayo, amma sauƙi shiru. Daga nan sai a fara zargin sammu ko maƙiyi. A wannan darasi za mu duba wani dalili dabam, wato ƙwayoyin cuta da suka daina jin magani, da yadda kyanwar da ba ta da mai ita take yawo da su gida gida. Za mu ɗauki ƙasar Ɗanbatta a arewacin Jihar Kano ta zama misalinmu.

Yadda ƙwayar cuta take daina jin magani

Bakteriya halittu ne ƙanana da ido ba ya gani. Waɗansunsu na kawo taifot, zawo, ciwon mafitsara da ruɓewar gyambo. Maganin da ke kashe su shi ake kira antibayotik. Alexander Fleming ya gano penisilin a Ingila a 1928, kuma tun a 1945 ya yi kashedi cewa shan abin da bai kai ƙima ba zai sa ƙwayoyin su saba da shi.

Ga yadda abin yake. In an sha magani ba bisa ƙa'ida ba, raunanan ƙwayoyi su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Har ma sukan ba waɗansu ƙwayoyin wannan taurin kai. Ba jikin mutum ne ya saba da magani ba, ƙwayar ce ta sāke.

Binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya a 2019 ta wannan dalili kai tsaye, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi shan kashi. Hukumar NCDC ta fitar da shirin ƙasa na yaƙi da matsalar tun a 2017.

Ina kyanwa ta shigo?

A ƙasashe da dama masu bincike sun sami E. coli da Salmonella marasa jin magani a kashin kyanwoyin da ke yawo sakaka. Sau da yawa kyanwar lafiyarta ƙalau, ɗauke da su kawai take.

Mu dubi zaman Ɗanbatta. Gidaje kusa da juna, gonaki har bakin danga, awaki da kaji a tsakar gida, ga babbar kasuwar dabbobi. Kaza ta yi rashin lafiya, sai a kwance kafson ja da yalo a zuba mata a ruwa. Ta mutu, a jefa a juji. Da dare muzuru ya cinye, ya haɗa da hanjin da mahauta suka zubar da ɓeran da ya kama a gindin rumbu. Kafin asuba ya haura katanga uku, ya lashi kwanon da aka bari a buɗe, ya binne kashinsa a yashin da yara ke wasa. Sharar tsakar gida kuma ta zama takin da jaki zai kai gona a mangala. Ta haka ƙwayar da ta taurare a cikin kaza take isa bakin yaro.

Laifin wa?

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kyanwa ba ta taɓa sayen kafso ba. Mu ne muke saye a hannun mai talla a cikin rana, mu sha don mura wadda antibayotik ba ya yi mata komai, mu raba ragowar da maƙwabci, mu yi wa saniya allura yau mu sayar da nononta gobe. Kashe kyanwoyi da guba ba mafita ba ne. Ɓeraye za su yi yawa su cinye hatsi, su ma kuwa suna ɗauke da cuta, gubar kuma tana iya faɗawa hannun yaro.

Abin da za mu koya wa jama'a

Mutane suna jin maganarmu a taron mata, a wajen suna da biki, da lokacin ziyara. Sai mu tuna musu da waɗannan:

1. Kada a sha antibayotik sai ma'aikacin lafiya ya rubuta, a kuma sha yadda ya ce.
2. In an sha magani ba sauƙi, a koma asibiti a nemi gwaji, kada a ƙara sayen wani da ka.
3. Dabba mara lafiya a kira malamin dabbobi, a tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a ci nama, ƙwai ko nono.
4. Mushen kaza da kayan ciki a binne su da zurfi.
5. A rufe abinci da randa, a wanke hannu da sabulu kafin ci da bayan shara.
6. In kyanwa ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a tafi asibiti a ranar.

Mu fara da gidajenmu, gama wanda kwanonsa ke buɗe ba zai iya gaya wa wani ya rufe nasa ba. Makon faɗakarwa na Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba kowace shekara, lokaci ne mai kyau na gayyatar ma'aikacin lafiya ya yi wa jama'a bayani.

Tambayoyi don nazari

1. A ina mutanen yankinka suke sayen magani, me ya sa suka fi zuwa can?
2. Me za ka ce wa uwar da ta gaskata sammu ne ya hana ɗanta warkewa, ba tare da ka kunyata ta ba?
3. Ina ake zubar da mushe a unguwarku, wa za ka fara yi wa magana a kai?