Yoyo a Motar Kwana: Abin da Damina Ta Koya Mana

A Amurka da Ingila akwai motocin da ake ƙerawa da gado da madafa a ciki. Mu a nan ƙasar Funtua da Malumfashi, kafinta da mai walda ne ke yi mana namu: a sami tsohuwar bas, a cire kujeru, a yi rufi da katako, a shimfiɗa katifa. Irinta muke shiga ƙauyukan Kafur da Bakori da Danja, mu kwana inda dare ya same mu. Tun shirin noma na Funtua da aka soma a 1975 da rancen Bankin Duniya aka buɗe hanyoyin karkara da yawa, amma watan Agusta ba ya jin tausayin hanya, balle mota.

Tamu ba da ambaliya ta lalace ba. Wari muka fara ji, muka ɗora laifin a kan takalman direba. Sai ran nan ɗaya daga cikinmu ya taka gefen gado, ƙafarsa ta nutse. Da aka ɗaga ledar ƙasa, ga katako ya yi baƙi yana marmashewa, ƙarfen ƙarƙashinsa duk tsatsa.

Ashe ɓarnar tun rani ta soma. Hunturu da zafin bazara suna busar da robar taga ta tsage. Ramukan notin kariya, inda muke ɗaure buhuna, su kuma gargada ta buɗa su. Ruwa kuwa ba ya ɗiga daidai inda ya shiga. Yakan bi ƙarfen rufi ya sauko can wani wuri. Saboda haka sai mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, wani yana zuba ruwa da buta daga waje, a fara daga tagogi a haura sama sannu a hankali, har a kama ƙofar ɓarawon.

Kuskurenmu na biyu gaggawa ce. Muka shafa gam a kan jiƙaƙƙen wuri, muka kulle laima a ciki. Lalle ne a fara cire kan batir, gama wayoyi suna bin bayan katakon nan. Sa'an nan a fitar da katifa da leda, a buɗe ƙofofi, a bar motar ta sha rana kwanaki. Funfuna takan kama cikin kwana 1 zuwa 2, tana kuwa tayar da tari ga masu asma. Katakon da laimarsa ta wuce kashi 20 cikin 100 yana kan hanyar ruɓewa; wanda sukudireba ya shige shi, a yanke a zubar. A kankare tsatsa da tsohon gam, a yi fenti, kafin a sa sabuwar roba.

Masara ko gyaɗar da ta jiƙe a ciki har ta yi funfuna, kada a kai ta gida, kada a ba kaji, domin gubar da ke cikinta tana cin hanta.

In kuwa rafi ne ya cinye motar, 'yan'uwa, kada a murɗa makulli, kada a tura. Ruwan da ya shiga injin yana lanƙwasa ƙarfen fistin nan take. A jawo ta zuwa wurin bakanike, ya duba baƙin mai. In ya koma kalar shayi da madara, a juye shi tare da canja filta.