Ma'aikatan Laburaren Jami'a: Takardun Bita Sun Yi Yawa, Aikin Tarayya Ya Yi Kaɗan

A ce wani malami ya wallafa littafi a kan tarihin masarautar Zazzau, jami'o'i talatin kuma suka saya. Kafin littafin ya hau kanta a kowace jami'a, sai wani ma'aikacin laburare ya zauna ya rubuta bayanansa: sunan mawallafi, maɗaba'a, shekara, batun da ya ƙunsa, da lambar da za ta nuna gurbinsa a cikin dubban littattafai. Idan littafin daga Ingila ko Amurka ya zo, aikin mai sauƙi ne, domin an riga an yi shi a can, kwafowa kawai za a yi ta intanet. Amma yawancin littattafan da aka buga a Zariya ko Kano ko Ibadan ba su da wannan gata. Don haka mutum talatin za su yi aiki iri ɗaya sau talatin, kowa a ɗakinsa, wani ya rubuta sunan mawallafin ta wata siga, wani ta wata, ba kuma wanda zai ga aikin ɗan'uwansa balle ya gyara masa ko ya ƙaru da shi. A ganina matsalar horar da ma'aikatan laburaren jami'o'in Nijeriya tana nan a dunƙule cikin wannan misali. Mun ɗauki ƙarin ƙwarewa a matsayin abin da mutum yake zuwa ya karɓo wa kansa a wurin bita, alhali ƙwarewar wannan sana'a a cikin aikin da ake yi tare take tsirowa, a can kuma take ɗorewa.

Ba za a ce ƙasar ta rasa makarantu ko ƙungiyoyi ba. Taron da UNESCO ta shirya a Ibadan a 1953 shi ya share fagen kafa ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Afirka ta Yamma, daga cikinta kuma ƙungiyar ta Nijeriya ta fito a 1962. Ibadan ta fara koyar da sana'ar da tallafin gidauniyar Carnegie, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe nata sashen a 1968 inda ta kawo digirin farko a fannin, Bayero da Maiduguri suka biyo baya a ƙarshen shekarun 1970. A 1995 aka yi dokar kafa hukumar yi wa ma'aikatan laburare rajista. Asusun TETFund, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU da gwamnati ta 1992, yana ware kuɗi don laburare, yana kuma biyan kuɗin ƙaro karatu da halartar taruka. Ginshiƙan duk suna nan a tsaye.

Abin dubawa shi ne ma'aunin da ake auna ci gaban ma'aikaci da shi. Tun da aka shigar da ma'aikatan laburare cikin sahun malaman jami'a, ƙarin girmansu ya rataya a kan abin da na malamin aji ya rataya: yawan maƙalolin da ya wallafa, manyan digirori, da tarukan da ya halarta. Duk mai hankali zai bi inda ladan yake. Shi ya sa mujallun fannin suka cika da bincike mai kama da juna, na raba takardar tambayoyi ga ɗalibai ko ma'aikata a ji ko sun san da wata hanyar samun bayanai, ko suna amfani da ita, ko me ya hana su; amsar kuwa kusan kowa ya san ta tun kafin a raba takardar, wato rashin wuta, raunin intanet da ƙarancin kuɗi. Ma'aikacin da ya kwashe shekara yana tsabtace bayanan littattafai dubu goma, ko ya koya wa takwarorinsa na wata jami'a yadda za su ceto na'urarsu da ta tsaya, ba shi da abin da zai ajiye a gaban kwamitin ƙarin girma. Wanda ya kwana uku a otal ya dawo da takardar shaidar halarta yana da shi. Ba laifin bitar ba ne, akwai masu amfani ƙwarai a cikinsu. Amma abin da aka koya ranar Talata, idan ba a sami inda za a yi aiki da shi ba, ba a kuma sami wanda za a tambaya in an kakare ba, kafin wata ya zagayo ya bi iska.

Tarihin shigar da kwamfuta cikin laburarenmu ya isa shaida. A shekarun 1990, ƙarƙashin wani rancen Bankin Duniya, hukumar kula da jami'o'i ta samar wa jami'o'in tarayya wata manhaja mai suna TINLIB, aka kuma horar da ma'aikata a kanta. Ba ta yi tsawon rai ba a yawancin wuraren. Daga nan kowa ya kama gabansa, wannan ya sayi wata manhaja, wancan ya sayi wata, sau da yawa ana sake shigar da bayanai daga farko. Bayan shekara ta 2000, gidauniyoyin Carnegie da MacArthur suka tallafa wa jami'o'i shida, wato Ahmadu Bello, Bayero, Ibadan, Jos, Obafemi Awolowo da Fatakwal, suka koma kan manhajar Virtua, tare da horarwa daga cibiyar Mortenson ta Jami'ar Illinois. Wannan yunƙuri ya fi na baya tsari, musamman da yake ya haɗa jami'o'in a kan abu guda. Sai dai manhajar kamfani tana buƙatar kuɗin sabuntawa da dala kowace shekara, tallafi kuwa yana da ranar ƙarewa. Akan ɗora alhakin irin wannan tuntuɓe a kan wutar lantarki da kuɗi, kuma da gaskiya a ciki. Amma akwai dalilin da ba a cika faɗa ba: ilimin sarrafa na'urar yakan taru a kan mutum ɗaya ko biyu a kowane laburare. Ranar da mutumin ya tafi ƙaro karatu, ko ya yi ritaya, ko wata jami'ar ta ɗauke shi, ilimin ya bi shi, babu kuma wata ƙungiyar masu aiki da manhajar da za a koma wa.

A kwatanta wannan da yadda abin ya faro a jihar Ohio ta Amurka. A 1967 kwalejoji da jami'o'in jihar suka kafa wata cibiya ta tarayya, wadda aka sani da OCLC, a 1971 kuma suka fara shigar da bayanan littattafai a rumbu ɗaya: duk wanda ya fara samun littafi shi zai rubuta bayanansa, saura su ɗauka. Akan ba da labarin a matsayin dabarar rage kashe kuɗi, amma ribar da ta fi wannan ita ce tarbiyyar aiki. Mutumin da ya san cewa ɗaruruwan abokan sana'a za su ga abin da ya rubuta dole ya bi ƙa'ida, in ya kuskure a gyara masa, shi ma ya ga yadda gwanaye suke yi. Haka labarin Koha yake, manhajar da aka ƙirƙira wa wani ƙaramin laburare a New Zealand a wajen 1999 zuwa 2000 aka kuma sake ta kyauta, wadda laburare da dama a Nijeriya suka koma kanta. Ba a biyan kuɗin lasisi, amma ana fitar da sabon zubinta duk bayan wata shida, ba kuma kamfani guda da ya mallake ta da za a kira. Ƙarfinta yana ga jama'ar da suke amfani da ita suna taimakon juna. Laburaren da ya ɗora Koha ya rufe ƙofarsa ya sake maimaita labarin TINLIB ne da sabon suna.

Wurin da rashin haɗin kai ya fi ciwo shi ne sayen mujallun ilimi. Manyan kamfanonin ɗab'i na duniya suna sayar da su a dunƙule, da kuɗin waje, a farashin da jami'a ɗaya ba ta iya ɗauka duk lokacin da naira ta faɗi. Shirye-shirye irin su HINARI na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara a 2002, da AGORA na harkar noma a 2003, sun rage raɗaɗin, amma alheri ne na wasu, sharuɗɗansa kuma suna iya canzawa. Kenya ta kafa haɗakar laburarenta a 2003, Ghana ta kafa tata, CARLIGH, a 2004, suna tara kuɗi suna ciniki da baki ɗaya. Nijeriya ma tana da tata haɗakar, NULIB, wadda shugabannin laburaren jami'o'i suka kafa, amma ba ta kai ƙarfin da ya dace da ƙasa mai jami'o'i fiye da 250 ba. Haɗaka kamar adashe take, ranar da masu zubi suka fara noƙewa ta mutu. Abin da ya shafi zancenmu a nan shi ne ƙwarewar da irin wannan ciniki yake koyarwa. Karanta yarjejeniyar lasisi, gane ko za a ci gaba da samun tsofaffin mujallu bayan an daina biya, fassara alƙaluman da suke nuna wace mujalla ake karantawa wace ce ba a taɓawa, duk waɗannan ba a iya su daga lacca. Sai an zauna a teburin ciniki, sabon hannu a gefen tsohon hannu.

Mai suka zai ce an sa keke a gaban doki ne kawai idan aka yi zancen haɗin gwiwa a laburaren da ba shi da tabbacin wuta, wanda kuma kashi goma cikin ɗari na kuɗin gudanarwa da aka ce a riƙa ware masa ya tsaya a takarda. Wannan suka tana da nauyi. Amma talauci hujja ce ta tarayya. Jami'ar da take da kuɗi ita ce za ta iya ɗaukar injiniyan kwamfuta nata ita kaɗai. Ƙananan jami'o'in jiha da kwalejojin ilimi ba za su iya ba, amma goma daga cikinsu za su iya ɗora manhajarsu a kan na'ura ɗaya da take inda wuta ta fi tsayawa, ƙwararru biyu ko uku su kula da ita. Hanyar sadarwar jami'o'i ta NgREN da takwararta ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, WACREN, don irin wannan aka yi su, shirin LIBSENSE kuma an kafa shi ne musamman don haɗa ma'aikatan laburare da masu kula da waɗannan hanyoyi. Kuɗin tura mutum biyar taro ɗaya zai iya biyan kuɗin tura ma'aikaci ya yi wata guda yana aiki a sashen da ya fi nasa gogewa a wata jami'a.

Wani kuma zai ji tsoron cewa rage darajar maƙala zai mayar da ma'aikatan laburare matsayin da suka sha wuya kafin su fita daga cikinsa, na masu jeren littattafai da ba a jin muryarsu a majalisar jami'a. Tsoron yana da tushe, ba kuma wanda ya ce a daina bincike. Abin da ake nema shi ne a faɗaɗa abin da ake ƙirgawa. Likitan da yake koyarwa a asibitin jami'a ana duba aikinsa na asibiti, malamin zane ana duba zanensa. Bayanan littafi da wasu jami'o'i suka ɗauka suka yi amfani da su aiki ne da abokan sana'a suka tantance, sau da yawa ma tantancewar ta fi ta wasu mujallun da ake biya a buga tsauri. Bincike mai nauyi kuma daga irin wannan aiki yake fitowa, domin wanda yake riƙe da alƙaluman amfani da mujallu na jami'o'i ashirin yana da abin faɗa da mai takardar tambayoyi ba shi da shi.

Suka mafi ƙarfi ita ce an gwada a baya. Laburaren Ƙasa ya daɗe da fara haɗa kundin bai-ɗaya na littattafai da na mujallun da suke laburaren ƙasar, aikin bai ɗore yadda aka so ba. Amma a wancan zamani da kati da gidan waya ake yi, kuma tsari ne da aka ɗora daga sama, wanda mai aiko da katin ba ya ganin amfaninsa nan kusa. Tarayyar da take ɗorewa ita ce wadda mai bayarwa yake karɓa a makon da ya bayar. Shi ya sa ya fi dacewa a fara da kaɗan, da jami'o'in da suke kusa da juna, a kan abin da ba wanda zai yi mana shi.

A Arewa wannan abu a bayyane yake. Rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami suna warwatse a Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Zariya, da Bayero, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan tarihi na Jos, har da cibiyar binciken ilimin ɗan'adam ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, inda kofe na ayyukan malaman jihadi iri ɗaya suke. Rubuta bayanansu yana buƙatar wanda ya iya karanta rubutun warash, da wanda ya san tarihin malaman, da wanda ya san ƙa'idar shigar da bayanai a kwamfuta, da wuya kuma a sami ukun a jikin mutum ɗaya ko ma a laburare ɗaya. Haka littattafan adabin kasuwar Kano, waɗanda dubbansu suka fito ba tare da lambar ɗab'i ba, da kundayen digiri da suke jibge a sassa, ɗalibin Katsina bai san an riga an yi aikinsa a Maiduguri ba. Jami'ar Jos ta buɗe rumbun adana bincikenta a intanet tun 2009, wasu sun bi sahu, amma kowane rumbu da irin tsarin bayanansa. Idan shugabannin laburaren Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri suka amince da siga ɗaya ta rubuta sunayen mawallafan Hausa da Larabci, suka raba aikin a tsakaninsu, suka kuma sa majalisun jami'o'insu su ƙirga shi a lokacin ƙarin girma, ba sai sun jira wata gidauniya ko wata sabuwar doka ba, domin duka ukun suna cikin ikonsu.