Daga Alkawalin Maraɗi zuwa sassaben zamani

A watan Mayu na 1984, zamanin Janar Seyni Kountché, aka yi babban taron ƙasa a birnin Maraɗi a kan yaƙi da hamada, wanda ya haifi Alkawalin Maraɗi. Niyya kam ta yi kyau. Tun 1975 ma ake dashen itace kowace ranar 3 ga Agusta. Sai dai da yawan dashen ba ya ganin damina ta biyu, domin da an watse biki babu mai ban ruwa, babu mai shinge, awaki su ƙarasa saura.

Aikin da ya ɗore a gonaki aka yi shi. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace bazara saiwarsu na da rai. Abin da ake bukata kaɗan ne: manomi ya zaɓi tohon da ya fi ƙarfi, ya datse saura, ya tsare shi daga dabbobi. Adda ta isa.

Lokacin yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon cimaka. Da rabo ya ƙare, mutane da dama suka sare itatuwansu. Waɗanda suka daure suka samu itacen wuta, da abincin bisashe, da hatsi a ƙarƙashin gawo. Maƙwabta suka gani da idonsu, suka bi. An ƙiyasta cewa sassaben zamani ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.