Jaɓa da Bushiya: Rabon Bahaushe da Rabon Kimiyya

Idan aka tambayi manomin shinkafa a Kura ko Bunkure wace dabba ce 'yar'uwar jaɓa, zai ce ɓera. Idan aka ce bushiya fa, zai ce beguwa, tunda dukansu ƙaya gare su. Wannan rabo ne na ido, wato an dubi siffa. Masana kimiyyar dabbobi kuwa sun fi duban haƙori da asalin zuriya, don haka sakamakonsu ya sha bamban.

A wurinsu, ɓera da gafiya da kurege da beguwa rukuni guda ne, na masu gaigaya. Alamarsu ita ce haƙoran gaba masu faɗi kamar kurfi, waɗanda ba sa daina tsiro. Jaɓa da bushiya kuwa suna da dogon baki da ƙananan haƙora masu tsini, na fasa jikin gara da gyare da fara. Saboda haka aka haɗa su a rukunin masu cin ƙwari, kowacce da danginta. Ashe ke nan jaɓa ta fi kusa da bushiya a kan ɓeran da take kama da shi.

Tsarin suna mai kalma biyu ya kafu a fannin dabbobi da littafin Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, bugun 1758. Bushiyarmu ita ce Atelerix albiventris. Kalma ta biyu a Latin tana nufin mai farin ciki, wato launin cikinta, ba murna ba. Shi kansa rukunin bai tsaya yadda yake ba. Da ana kiransa Insectivora, amma binciken ƙwayoyin gado a shekarun 1990 ya nuna an cusa dabbobin da ba asalinsu ɗaya ba. Aka fitar da wasu, saura aka kira su Eulipotyphla.

Batun bai tsaya a aji ba. Tun da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya wadata wannan yanki da noman rani, ɓera ya zama abokin gaban manomi, ana kuwa kashe jaɓa tare da shi. Alhali ita ƙwari ne babban abincinta, laifinta wari. Malamin da ya fassara wa yara jaɓa da “wani irin ɓera” ya ƙarfafa wannan kuskure. Gara ya kawo hoton haƙoran dabbobin biyu, ya bar yara su raba da kansu.