Ƙananan Jiragen Da Ke Fitar Da Riɗin Jigawa Zuwa Teku

Buhun riɗi ko na zoɓo da aka auna a Sule Tankarkar, a Gagarawa ko a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, tafiyarsa doguwa ce. Tirela za ta kai shi Kano, a tsabtace shi, a zuba a kwantena, sannan a nufi Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Zoɓon Jigawa Meziko ce babbar mai sayensa. Riɗi kuwa yana zuwa Japan, Sin da Turkiyya. Sai dai babban jirgin ruwan da zai ɗauki kayan ba ya iya shiga tashar Apapa ko Tin Can shi kaɗai. Sai ƙanana sun kama masa.

Jirgin ruwa ba shi da birki. Abin da ke karkata shi wani faffaɗan ƙarfe ne a bayansa, kuma ba ya aiki sai ruwa na wucewa ta jikinsa da ƙarfi. Da zarar jirgi ya rage gudu don shiga tasha, juya shi ya zama wahala, ga iska tana tura tulin kwantenonin da ke kansa, ga igiyar ruwa tana jan sa gefe.

A nan jirgin ja ke shigowa. Tsawonsa bai cika wuce mita 30 ba, amma kusan duk cikinsa inji ne. Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce: na zamani kan yi ja mai ƙarfin tan 60 zuwa 80. Farfelarsa tana juyawa kowace fuska, shi ya sa yake tafiya gaba, baya, har da gefe. An yi masa ɗamara da roba mai kauri don ya dafa jikin babban jirgi ya tura ba tare da ya ɓurma shi ba. Ɗaya ya riƙe gaba da igiya, ɗaya ya riƙe baya, har a jingina jirgin a bakin tasha.

Ba shi kaɗai ke aikin ba. Akwai ƙaramin jirgi mai sauri da ke kai matuƙin tasha, wanda ya san zurfi da lungunan mashigar Legas. Da tsanin igiya yake hawa jirgin baƙi yana tafiya. Akwai jirgin yasa, mai kwashe yashi da laka don hanya ta riƙe zurfinta. Akwai kuma shimfiɗaɗɗun jiragen dako da ke kwashe kwantenoni ta ruwa don kauce wa cunkoson titin Apapa. Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya, NPA, wadda ta fara aiki a 1955, ita ke kula da shige da ficen jirage a waɗannan tashoshi.

Duniya ta ga darajar waɗannan ƙananan jirage a watan Maris na 2021, lokacin da jirgin Ever Given, mai tsawon mita 400, ya toshe mashigin Suwez a Masar kwana 6. Jiragen yasa da jiragen ja ne suka fitar da shi.

Ina ruwan manomi da wannan? Duk ranar da jirgi ya kwana a teku yana jiran a shigo da shi, akwai kuɗin jinkiri. Mai fitar da kaya ya san da haka, sai ya rage abin da zai ba dillali, dillali ya rage wa manomi. A Janairun 2023 an buɗe tashar Lekki mai zurfi da tashar tudu ta Dala a Kano, amma gini kaɗai ba ya shigo da jirgi. Ya kamata wakilan Jigawa a Majalisar Tarayya su riƙa bin diddigin yawan jiragen ja da lafiyarsu a tashoshinmu, domin wani ɓangare na farashin riɗi a can ake yanke shi.